Buɗe-Duka da Barcin Yayarsa

Ba uwarsa ce ta raɗa masa Buɗe-Duka ba. Bakinsa ne ya sayo masa sunan, kuma da tsada ya saya.

A lokacin sabon shiga ne a harkar shigo da katifu daga ƙasashen waje, irin waɗanda ake matsewa da inji, a zuƙe musu iska, a naɗe kowace a cikin leda har ta koma kamar gungumen icce. A haka kwantena ɗaya take ɗaukar abin da zai ishi unguwa guda kwanciya. Aibinsu ɗaya ne: da zarar reza ta taɓa ledar, katifa ta shaƙi iska, to ta tashi ke nan. Babu ƙaton da zai iya mayar da ita yadda take.

Da kwantenarsa ta farko ta iso tashar jiragen ruwa, da kansa ya je, cikin sababbin kaya, turare na tashi. Wani jami'in kwastan, siriri mai sanyin murya, ya ce a ciro masa guda biyu ya duba. Biyu kacal. Mai hankali cewa zai yi to, ya nemi inuwa ya zauna. Amma mutumin namu, ko sannu aka ce masa sai ya tambayi dalili.

"Me kake nema a ciki? Giwa?"

"Aikina nake yi, yallaɓai," in ji jami'in.

"Aikinka zargin mutane? Dube ni da kyau. Na yi maka kama da mai ɓoye kaya a cikin soso?"

"Ban ce ba. Biyu kawai zan buɗe."

"Don me biyu? In ni ɓarawo ne, ai a ta ukun zan ɓoye! In ka isa, buɗe duka!"

Jami'in ya dube shi, ya dubi leburori, ya ce, "Kun dai ji da kunnenku. Mai kaya ne ya nema."

Leburorin tasha ba su taɓa samun aiki mai daɗin na ranar ba. Reza ta yi ta tafiya, fiit, fiit, katifu suka yi ta numfashi suna kumbura. Kafin rana ta karkata sun cika harabar, sun tare hanyar motoci, sun hau kan kayan mutane. Direbobin da ke jiran layi kowa ya zaɓi mai laushi ya miƙe. Shi kuwa yana tsakiya, soso har ƙugu, yana ihun a daina, ba mai sauraronsa. Ko allura ba a samu ba. Jami'in ya buga masa tambari, ya ce cikin ladabi, "Gaskiyarka, yallaɓai, kayanka lafiya lau. Sai a kwashe kafin a rufe ƙofa."

Da mota ɗaya ya zo. Da jerin motoci ya koma, kamar mai ƙaura da gari. Tun daga ranar, ko matarsa in ta so tsokanarsa, sai ta ajiye masa kwanukan abinci a rufe ta tambaye shi ɗaya za ta buɗe ko duka.

Kada wanda ya ji wannan ya ɗauka ba ya tsoron kowa. Yana tsoron mutum ɗaya, kuma ba ta kai kafaɗarsa ba. Yayarsa ce. Uwarsu ta rasu yana ƙarami, ita ta goye shi, ita ta yi masa wanka har ya fara jin kunya, ita ta raba shi da faɗace-faɗacen da bakinsa ke jawo masa a layi. Sakayyar da ya yi mata kuwa ta shiga tarihin dangi. Da ya tasa, son kasuwanci ya kama shi, ba shi da jari, sai ya jira ta fita unguwa, ya naɗe katifarta ya kai kasuwa ya sayar, ya saro matasan kai ya fara talla. Ta dawo ta tarar da ƙasa fili, sai tambarin inda katifa take.

Ba ta dake shi ba, ba ta zage shi ba. Abin da ta yi ya fi duka zafi. Ta shimfiɗa zani a ƙasa ta kwanta, ta yi shiru, ta riƙe abin a ranta shekara da shekaru.

Sai ranar da ya buɗe sitonsa na farko. Bayan abincin rana ta shigo da ɗan mayafinta, ta zagaya, ta danna wannan, ta danna waccan, ta zaɓi wata a lungu bayan manyan katifu, ta haye.

"Yaya, lafiya?"

"Katifata na zo nema."

"Ai sai ki zaɓi wadda kike so a kai miki gida. Ɗauki biyu ma."

"Wannan ma ba ita ba ce," ta ce, ta juya masa baya. "Gobe na gwada wata."

Goben ce ba ta ƙare ba. Ya sake sito, ta bi shi. Ya koma babba mai rufin ƙarfe da motar ɗaga kaya, ta bi shi. Kullum bayan abincin rana Yaya na lungunta, tana minshari, leburori na rage murya in sun zo wucewa. Sabon ma'aikaci, kafin a nuna masa inda abin kashe gobara yake, sai an nuna masa inda ba a buga kaya da ƙarfi.

Allah da ikonsa, sai ya ba wannan mutum 'ya mai sanyin hali. Ta yi karatun kasuwanci, ta karɓi ofis, kowa na kiranta Manaja, har uban. Ita ce ta fara gajiya da halin uban. Don tun daga waccan rana ta katifu, 'yan kwastan sun san shi kamar yunwar cikinsu. Da sun hango shi sai fuskarsu ta washe. Ba ya zuwa tasha ya dawo bai yi musu ba, kuma duk musun da ya yi, sai an ƙara yanka masa leda. Kowane zuwan kaya sai an ɗauko ƙarin mota, katifun da aka buɗe sun sha ƙura da baƙin mai, sai dai a karyar da su. Masu shagunan da yake kai wa kaya suka fara cewa za su koma wurin wanda kayansa ke zuwa a kan lokaci.

Ran nan Manaja ta zaunar da shi ta ce, "Baba, akwai mafita. Hukumar kwastan na ba da takardar shaidar amintaccen ɗan kasuwa. Za su zo nan su duba sitonmu, su ga yadda muke kulle kaya, su san ma'aikatanmu, su ga wa ke shiga wa ke fita. In sun gamsu, kwantenarmu za ta riƙa wucewa a tasha da hatiminta, ba kasafai za a taɓa ta ba."

Ya ce, "Wato su buɗe ni, su bar katifa?"

"Haka ne, Baba."

"To a buɗe ni! Me nake ɓoyewa?"

Kun san shi da wuce gona da iri. Aka ce a ja shinge, ya ja wanda ko kaza ba ta ganin ciki. Aka ce kyamara, ya sa har a ƙofar banɗaki sai da leburori suka yi bore. Aka ce duk baƙo ya rataya kati a wuya, ya ce doka ba ta san sani ba. Matarsa ta kawo masa abinci, ya sa maigadi ya miƙa mata katin baƙo. Ta karɓi katin, ta duba gaba ta duba baya, ta ce baƙuwa ba ta dafa wa mijin wata abinci, ta juya da kwanukanta. A ranar, da shayi kawai ya wuni. Kyanwar sito ma sai da aka ɗaura mata kati, ta cinye igiyar.

Abin da ya fi ba shi wuya shi ne horon da Manaja ta yi masa a kan bakinsa. Ta ce ranar da masu duba za su zo, kalma ɗaya aka yarda ya faɗa: "To." Kullum da safe sai ta gwada shi.

"Baba, shingen nan a karkace yake."

"Wane makahon ne ya ce..."

"Baba."

"To."

Sai ya fita waje ya sami maigadi ya sauke masa sauran.

Da aka gama komai, Manaja ta rufe ƙofar ofis, ta rage murya. "Saura abu ɗaya. Ba a yarda a sami kowa a cikin sito ba sai wanda aka san dalilin shigarsa. Baba, Gwaggo."

Ya dubi rufi. Ya dubi takalminsa. Ya ce ita ce Manaja, ita za ta faɗa mata. Ta ce yayarsa ce, ba tata ba.

Ya sa aka kai wa Yaya katifa mafi tsada har ɗakinta, da fanka sabuwa. Washegari bayan abincin rana ga ta a lungunta. Ya tsuguna a gefenta, ƙato da shi, yana murza hula.

"Yaya, an kai miki katifa gida fa."

"Na gani. Jikoki na tsalle a kai."

"Ai gida ya fi shiru."

"Shirun ne ke hana ni barci. In ban ji ƙarar motar nan ta ɗaga kaya ba, da kai kana yi wa mutane tsawa, sai in ga kamar na mutu."

"Yaya, hukuma ce ta ce..."

"Hukuma tana ina lokacin da nake kwana a ƙasa? Tashi ka ba ni wuri, numfashinka na kashe mini iska."

Ya tashi. Ya gaya wa Manaja an yi magana, ana kan fahimtar juna.

Ranar dubawa ya ƙulla dabara. Da sassafe ya aika direba da motarsa ta shiga, wadda ko matarsa sai ta roƙa, ya ce a kai Yaya ta ga jikokinta na can ƙarshen gari, kuma a bi hanyar da ta fi cunkoso, zuwa da dawowa. Yaya ta shiga mota tana shafa kujera. Ba ta ce komai ba, kuma duk wanda ya santa ya san shirunta ba alheri ba ne.

Jami'ar da hukuma ta turo mace ce mai tabarau, irin fuskar nan da ba a san ranar da ta yi dariya ta ƙarshe ba. Ta duba shinge, ta ja kwaɗo ta ga ko zai buɗe, ta kira lebura ta ce ya nuna mata yadda ake gane hatimin kwantena in an taɓa shi. Ta tambayi wa ke riƙe da makullai, wa ke karɓa in ba ya nan. Manaja na amsawa, uban na biye da su, hannu a baya.

"Fitilar nan ta baya ba ta da haske sosai," in ji jami'ar.

Jijiyar goshinsa ta miƙe. Manaja ta taka masa ƙafa.

"To," ya ce, kamar wanda ya haɗiye ƙashi.

Suka shiga sito bayan cin abinci. Katifu a jere har rufi, kowane layi da alamarsa, ƙasa a share kamar za a lasa. Jami'ar ta gyaɗa kai. Har ta juya za ta fita, sai ta tsaya cak.

Daga can lungu wata ƙara ke tasowa. Ta fara a hankali, kamar ana jan buhu, ta hau, ta hau, ta tsaya kamar ta fasa, sannan ta sauko da ɗan fito a ƙarshe.

"Wane inji ne wannan?" in ji jami'ar.

Maigadi da ke bakin ƙofa ya fara ja da baya. Daga baya ne ya yi bayani cewa Yaya ta sauka daga mota a cikin cunkoso, ta hau motar haya ta dawo, da ya miƙa mata kati kuma ta ce ita ta yi wa ubangidansa wanka yana yaro, in yana son nasa wankan ya matso.

Jami'ar ta bi ƙarar, suka bi ta. Ga Yaya a miƙe, mayafi a fuska, takalmanta a jere a ƙasa. Manaja ta matso kusa da uban ta raɗa masa, "Baba, ka ce mai gwada mana laushin katifa ce." Ita da ba ta taɓa ƙarya ba, yau tsoro ya koya mata.

"Ma'aikaciyarku ce?" jami'ar ta tambaya.

Buɗe-Duka yana da aibi da yawa, a tara su sai a cika kwantena, amma ƙarya ba ta ciki. Bai ma iya ta ba, ba ta da daɗin musu.

"A'a," ya ce.

"To baƙuwa ce?"

Mayafin ya motsa. Ido ɗaya ya leƙo. "Baƙuwa? 'Yar nan, ke ce baƙuwa. Ni na riga rufin nan zuwa." Mayafin ya koma.

Jami'ar ta juyo gare shi. "Ranka ya daɗe, ka san sharaɗin. Mutum a kwance a tsakiyar kaya, ba ma'aikaci ba, ba kati, ba wanda ke tare da shi. A haka ba zan iya cewa a ba ku takarda ba."

Manaja ta dube shi, idonta na roƙonsa kalmar nan guda. Ya buɗe baki zai ce to. Ya dubi ƙafafun Yaya da suka leƙo daga ƙarƙashin zani, ƙanana, duk kaushi. Sai "to" ɗin ta maƙale, abin da ya daɗe yana dannewa ya ɓalle gaba ɗaya.

"To ku riƙe takardarku! Matar nan ta goye ni, na sayar da katifarta, ta kwana a ƙasa ba ta ce mini uffan ba. Yau don in ji daɗin tasha sai in tashe ta? Ba zan tashe ta ba! Ku je ku wasa rezarku. Duk kwantenar da na kawo har in mutu, ku buɗe! Ku buɗe duka!"

Manaja ta rufe fuska da hannu biyu. Leburori suka sunkuyar da kai. Minshari ya ci gaba abinsa.

Jami'ar ta cire tabarau a hankali, ta ƙare masa kallo. Gefen bakinta ya yi rawa.

"Ashe kai ne," ta ce. "Wallahi na ɗauka ƙirƙirar labarin aka yi. Duk wanda ya shiga aikinmu sai an ba shi labarinka a makon farko." Ta goge tabarau ta mayar. "Baba, ni ban ce ka kore ta ba. Tambaya na yi, ita wace ce a nan. Da ka ce mini ma'aikaciya ce, da a nan muka yi sallama, don na ga sunayen ma'aikatanku. Baƙo yana iya shiga sito. Amma sai da kati, sai a wurin da aka keɓe nesa da kaya, kuma sai da ma'aikaci a tare da shi, daga shigarsa har fitarsa, ba ya matsawa ko nan da can. Ku gyara wannan da fitilar, zan dawo in gani. Wa zai riƙa zama da ita?"

Leburori suka ga wani abin sha'awa a rufi, duk suka ɗaga kai. Manaja ta ce ita ofis ya yi mata yawa.

Daga ƙarƙashin mayafi murya ta fito. "Wanda ya sayar da katifar, shi zai yi gadin barcin."

Haka aka yi. Aka ja katifar Yaya gefe, aka zagaye ta da jan layi na fenti, ya zama nan ba sito ba ne, ƙasar Yaya ce. Kati kuwa ta ce ba za ta rataya a wuya kamar akuyar sayarwa ba, sai dai a babban yatsan ƙafa, inda kyamara za ta gani ba sai an tashe ta ba. Jami'ar ta dawo ta duba, ta ce ba inda aka rubuta lallai sai wuya. Takarda ta fito, aka sa ta a gilashi, aka rataye a ofis sama da hoton mai wurin.

Da kwantena ta gaba ta iso, ya ci ado ya tafi tasha don ya ga abin da idonsa. Kafin ya gama gaisawa da mutane, mota ta fito da kayansa, hatimi na nan yadda aka ɗaura shi a can ƙasar. Ba wanda ya tambaye shi komai. Ya ɗan zagaya ko zai sami mai kallonsa a karkace, wani jami'i ya sara masa ya ce a sauka lafiya. Ya dawo sito jiki a sanyaye, kamar wanda aka gayyata dambe ya tarar abokin karawa ya yi tafiya. Kaya na zuwa a kan lokaci, masu shaguna sun dawo, shi kuwa ba abokin musu.

Sai zaman rakiya. Mutumin da tun yana tallan matasan kai bai taɓa zama wuri ɗaya da rana ba, yanzu kullum bayan abinci yana cikin jan layi a kan kujera, ya harɗe hannu, yana gadin tsohuwa. Da farko a miƙe yake zama kamar soja. Bayan 'yan kwanaki aka ga ya kawo abin ɗora ƙafa. Sai matashin kai, wai don bayansa. Sai ran nan Manaja tana ofis ta ɗaga kai ta dubi allon kyamara, ta ga katifa biyu a cikin layin. Ta fito da sauri. Tun daga ƙofa take jin su, ɗaya na hawa ɗaya na sauka, kamar sun yi shiri.

"Baba! Baba, tashi!"

Ya buɗe ido ɗaya, irin na gidansu. "Kaya sun iso?"

"Kaya lafiya lau. Kai ne matsalar. Rakiya aka ce ka yi, ba taya barci ba!"

"Na matsa ko nan da can?"

"Ba ka matsa ba, amma..."

"Tana da kati?"

"Tana da shi. Baba, amfanin mai rakiya ya sa ido a kan baƙo. In matar nan ta dawo ba sanarwa ta same ka haka, me za mu ce mata? Duk wahalar da muka sha! Ka tashi ka zauna, ka buɗe idonka."

Ya gyara matashin kai, ya ja hularsa ta rufe masa fuska, ya yi magana daga ƙarƙashinta.

"Ke Manaja, hukuma guda ta yarda da kayana a rufe. Ke da na haifa, ba za ki yarda da idona a rufe ba?"